Hancin Marguerite: yadda wata ɗalibar zane ta shafe wata shida tana rigima da hoto ɗaya

Asalin lamarin

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa tana shekararta ta biyu ne a wata makarantar koyon zane da ke birnin Paris. Tun kafin ta shiga makarantar ta daɗe tana cin abinci da fensir. A turo mata hoton mutum ta waya, ta zauna kwana huɗu ko biyar, ta fitar da fuskarsa har da gashin gira ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙyallin da ke cikin ƙwayar ido. Yabon da ya fi faranta mata rai shi ne a ce: "Sai ka ce kyamara ce ta ɗauka." Da wannan mudun take auna duk wani zanen fuska, nata da na wasu.

A watan Janairun 2025 malamarsu ta tarihin zane ta raba wa 'yan aji aiki. Kowa da hotonsa guda, zai zauna da shi har watan Yuni, sannan ya tsaya gaban aji ya yi bayani na minti 20. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: duk abin da mutum zai faɗa, yabo ko suka, sai ya nuna shi da yatsa a jikin hoton.

Abin da ya faɗo a rabonta shi ne hoton da Henri Matisse, shahararren mai zanen Faransa, ya yi wa 'yarsa Marguerite tsakanin ƙarshen 1906 da farkon 1907, a Collioure, wani ƙaramin garin masunta a bakin Bahar Rum kusa da iyakar Sifaniya. Fenti ne na mai a kan ƙyalle, tsayinsa santimita 65, faɗinsa 54. Yarinyar tana da shekara 12 a lokacin, uban yana da 37. Tana fuskantar mai kallo kai tsaye, sanye da koriyar riga, gashinta mai duhu a tattare a sama, da zirin baƙin ƙyalle ɗaure a wuya. Bayanta fili ne kawai mai launin rairayi, babu taga, babu kujera. A can sama an rubuta sunanta da manyan baƙaƙe. Hancin kuwa, duk da fuskar tana kallon gaba, an ja shi ne kamar na wanda ya ɗan juya gefe.

Janairu: kallon farko

A waya ta fara ganinsa, kuma ba ta kai minti ɗaya tana kallo ba. A littafin da take rubuta abubuwan aikin, wanda ta ba ni na karanta daga baya, shafin farko jerin laifuffuka ne: hanci a karkace, fuska shafal babu inuwa, riga kamar an kwara launi, rubutu kamar na ɗan firamare. A ƙasa ta rubuta cewa da wani ya biya ta kuɗi ta kai masa irin wannan, da ya nemi a mayar masa da kuɗinsa.

Ta je wajen malamar ta roƙi a canza mata wani. Malamar ta ƙi. Ta ce mata ba wanda ya ce sai ta so hoton, tana iya zuwa a watan Yuni ta yi masa kaca-kaca, muddin za ta nuna inda mai zanen ya so yin wani abu ya kasa. Ɗalibar ta karɓi wannan da murna, don a ganinta aikin ya zo da sauƙi.

Fabrairu: karatu

Ta fara da neman hujjar cewa Matisse bai iya zane ba. Nan ta fara cin karo. Mutumin ya zauna a ajin William Bouguereau, wanda ya shahara da fenti mai sulɓi kamar fatar jariri, sannan ya koma wajen Gustave Moreau, ya kuma yi shekaru yana kwaikwayon ayyukan magabata a gidan kayan tarihi na Louvre, har da ayyukan mai zane Chardin. Wanda ya bi ta wannan hanya ya san inda ake ajiye inuwar hanci. Dole ta soke layin "bai iya ba" daga littafinta.

Sai ta koma kan tarihin zamanin. Ta karanta labarin bajekolin kaka na 1905 a Paris, inda Matisse da André Derain da abokansu suka rataye zane-zane masu launi ɗanye, har mai sharhi Louis Vauxcelles ya kira su da kalmar da ke nufin namun daji, sunan kuma ya bi su. Ta karanta ɗan rubutun da Matisse ya yi a 1947, wanda ya kafa a kan zane huɗu na fuskarsa da ba su yi kama da juna ba amma kowanne shi ne, don ya nuna cewa daidaiton awo daban, gaskiyar mutum daban. Ta haddace duk wannan. Ta iya maimaita shi tsaf. Amma da ta koma kan hoton, hancin yana nan a karkace yadda ta bar shi.

Abin da ya fi yi mata daɗi a watan shi ne labarin Pablo Picasso, shahararren mai zane ɗan Sifaniya. A kakar 1907 Matisse da Picasso sun yi musayar zane. Matisse ya ɗauki wani zanen tulu da kwano da lemon tsami, Picasso kuma ya zaɓi wannan hoto na Marguerite. Gertrude Stein, marubuciyar Amurka da ta san su duka biyun, ta ce kowannensu ya zaɓi mafi raunin aikin ɗan'uwansa ne don ya samu abin nunawa. Akwai kuma labarin da ya yaɗu cewa abokan Picasso sun riƙa harbin hoton da kibiyoyin wasan yara. Ɗalibar ta kai wa malamar wannan tana murmushi. Malamar ta tambaye ta abu ɗaya: shekara nawa hoton ya yi a hannun Picasso? Ta duba. Bai rabu da shi ba har ya mutu a 1973, shekara 66 ke nan, kuma ta cikin kayan da ya bari ne hoton ya isa gidan kayan tarihi na Picasso da ke Paris. Hujjar ta faɗi, ra'ayin ɗalibar kuwa bai motsa ba.

Maris: labarin baƙin zirin

A wannan watan ta gano dalilin ƙyallen wuyan. A 1901 Marguerite ta kamu da mashaƙo, cutar nan da ke toshe maƙogwaron yaro har numfashi ya gagara. Aka yi mata tiyatar gaggawa, aka huda maƙogwaron don iska ta samu hanya. Ta rayu, amma tabon ya zauna, kuma shi take rufewa da baƙin zirin ko da riga mai dogon wuya har zuwa wajen 1920, lokacin da aka sake yi mata aiki.

Daga nan ɗalibar ta bi rayuwar yarinyar har ƙarshe. An haife ta a 1894. Mahaifiyarta Caroline Joblaud ce, amma a hannun Amélie, matar da Matisse ya aura a 1898, ta girma. Rashin lafiya ya hana ta zaman makaranta yadda ya kamata, sai ɗakin aikin ubanta ya zame mata aji. Ta auri marubuci Georges Duthuit a 1923. A lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, Marguerite ta shiga cikin masu gwagwarmayar ɓoye, 'yan Gestapo, wato 'yan sandan ciki na Jamus, suka kama ta a 1944, suka azabtar da ita, suka saka ta a jirgin ƙasa zuwa sansani a Jamus, amma ta kuɓuta kafin jirgin ya kai. Ta ƙare rayuwarta tana tattara lissafin ayyukan ubanta, ta rasu a 1982.

Wannan ya taɓa ɗalibar ƙwarai. Ta rubuta shafi shida, rubutu mai kyau, mai sa ƙwalla. Malamar ta karanta ta mayar mata da tambaya a gefen takarda: a cikin shafi shidan nan, wace jimla ce ba za ta iya rubutawa ba da a ce hoton ya ƙone tun 1908? Ɗalibar ta duba, ba ta samu ko ɗaya ba. Duk abin da ta rubuta a kan yarinyar ne, fentin bai shigo ciki ba. Tausayi ya sa ta daina zagin hoton, amma har yanzu a ranta tana ganin yarinyar da ta sha wannan wahala ta cancanci a yi mata hoto na kirki.

Afrilu: a gaban hoton

Ranar 4 ga Afrilun 2025 gidan zane-zanen zamani na birnin Paris ya buɗe bajekoli a kan Matisse da 'yarsa, wanda ya ci gaba har 24 ga Agusta, da ayyuka fiye da 100. A nan ne ɗalibar ta fara tsayawa gaban ainihin hoton, bayan wata uku tana mu'amala da shi a waya da kuma ɗan katin da ta saya.

Ta je sau uku. A zuwan farko ta yi abin da kowa ke yi: ta tsaya, ta ɗauki hoto, ta wuce. Abin da kawai ta rubuta shi ne kan yarinyar ya kusan kai girman kan mutum na gaske, don haka tsayawa gabansa kamar tsayawa ne gaban wani da ke kallonka. A zuwa na biyu ta ɗora wa kanta doka: minti 25 ba ta matsawa, ba ta taɓa waya. Ta lura cewa fuskar da ta kira shafal tana da launi fiye da ɗaya, kuma ana ganin sawun buroshi a filin da ke bayan yarinyar.

A zuwa na uku ta bi sauran hotunan. Ga wanda aka yi a 1906 yarinyar na karatu, kanta a sunkuye, launuka suna tsalle ko'ina, wanda mazauninsa gidan kayan tarihi na Grenoble ne. Ga na 1910 tana zaune da baƙar kyanwa a cinya. Ga zanen gawayi na 1945, bayan ta dawo daga hannun Gestapo. Ba biyun da aka yi da salo ɗaya, amma ta iya gane mutum ɗaya a cikinsu duka tun daga nesa. Wannan ya dame ta, domin a sana'arta gane mutum yana zuwa ne daga daidaiton awo, ga shi nan awon yana ta canzawa mutumin bai canza ba.

Ta fito tana shakkar kanta. Sai dai da malamar ta ce ta nuna da yatsa abin da hancin yake yi, ba ta da amsa.

Mayu: gyara

Shawarar ba daga malamar ta fito ba. Ɗalibar ce da kanta, cikin fushi, ta ce za ta nuna wa aji yadda ya kamata a yi hoton. Ta sayi ƙyalle uku masu girman na asali, 65 da 54. Niyyarta ita ce ta kwafi hoton yadda yake, ta gyara abu ɗaya tak, wato hancin, ta ajiye su gefe da gefe kowa ya gani.

A ƙyalle na farko ta goge layin da ya karkata, ta zana hanci mai kallon gaba. Nan take ta ci karo da abin da duk mai zane ya sani amma ba ya tunawa: hancin da ke fuskantarka ba shi da layi. Ƙofofi biyu ne kawai da ɗan tudu, kuma inuwa ce ke nuna tudun. Ba inuwa, ba hanci. Sai ta sa inuwa a gefe ɗaya. Da inuwar ta zauna, ta nuna cewa haske yana zuwa daga hagu, don haka kuncin dama ma yana neman tasa. Ta ba shi. Haɓa ta nema, wuya ya nema, ƙasan ido ya nema. Kafin yamma fuskar ta zama dunƙulalliya kamar ƙwallo, rigar da ke ƙasa kuma ta koma kamar takardar da aka yanka aka manna. Ta sa wa rigar lanƙwasa da ninki. Yanzu yarinya ce sosai mai jiki, tsaye a gaban wani fili marar zurfi, sai filin ya koma bango, bangon kuma yana tambayar ina inuwar da ta faɗa kansa. Sunan da ke sama, wanda a da yake zaune lafiya, ya zama kamar wani ya yi rubutu a bangon mutane.

Kwana tara ta yi a kai. Da ta gama ta jingina shi da kujera ta ja baya. Abin da ta gani hoton wata yarinya ce kyakkyawa, mai hankali, irin wadda za a iya samu a kowane gida. Idanun sun mutu. Garin neman gira an rasa ido, kuma wannan karon ba karin magana ba ne.

Ta ɗauki kwana biyu tana neman dalili kafin ta kama shi. A hoton asali wurare masu duhu ƙididdigaggu ne: haruffan sunan, gashi, gira da idanu, sai zirin wuya. Duk sauran fili ne mai haske ko kore. Idon mai kallo yana saukowa daga suna zuwa gashi, ya faɗa cikin idanun, ya tsaya a zirin, ya sake hawa. A nata kwafin ta watsa duhu ko'ina, a ƙarƙashin hanci, a kunci, a ninkin riga, sai idanun suka zama biyu daga cikin wurare ashirin masu duhu. Zirin ma ya ɓace cikin inuwar haɓa, ya koma ado kawai, alhali a na asali shi ne layin da ya raba kai da jiki, ba yadda za a yi ido ya tsallake shi.

A ƙyalle na biyu ta gwada hanyar tsakiya: hanci mai kallon gaba, ba inuwa ko kaɗan. Fuskar ta fito kamar faranti mai ɗigo biyu. A nan ta fahimci cewa in mutum ya yanke shawarar ba zai sa inuwa ba, hanya ɗaya ce ta rage masa ya ce hanci ya fito daga fuska, ita ce ya ja shi daga gefe. Haka yara ke yi ba tare da an koya musu ba. Picasso ma ya taɓa cewa a wannan lokacin Matisse yana lura da zanen 'ya'yansa ƙanana, Jean da Pierre, waɗanda ba su wuce shekara 6 zuwa 8 ba. Kuma a 1907 ɗin nan, a wani babban zane na mata biyar da Picasso ya yi, mata biyun da ke tsakiya suna kallon gaba da hanci a gefe. Ɗalibar ta san wannan tun Fabrairu, yana cikin littafinta, amma sai yanzu ya zama magana a wajenta.

Ƙyalle na uku ta ware shi don kwafi na gaskiya, ba gyara. Ta ɗauka zai fi sauƙi. Shi ya fi ba ta wuya. Layin kunci da haɓa dole a ja shi da hannu sake, a tafi ɗaya, hannunta kuma ya saba da tafiyar tururuwa, ɗan taƙi ɗan taƙi ana gogewa. Sau bakwai tana kankare fuskar. Duk lokacin da gira ta ɗan sauka ko baki ya ɗan faɗaɗa, sai yarinyar ta koma mai fushi ko mai shagwaɓa, wannan kallon na mai jira ba tare da ƙorafi ba ya gudu. A zanen da ke da layi dubu, kuskuren ɗaya yana ɓuya a cikin sauran. A nan layukan ba su da yawa, kowanne yana ɗauke da kayansa shi kaɗai.

Yuni: gaban aji

Ta kawo ƙyallayen uku ta jera, da babban bugun hoton asali a gefe. Ba ta ambaci mashaƙo ba sai a minti na 15, bayan ta gama nuna yadda duhun ke tafiya daga suna zuwa wuya. A lokacin ne ta ce wa aji wurin da idonsu ke tsayawa kullum, nan ne aka huda. Wani ɗan aji ya ce shi dai kwafinta na farko ya fi yi masa kyau. Ta ce ta yarda ya fi kyau, ta tambaye shi ko zai iya gane yarinyar in ya haɗu da ita a titi. Ya ce zai iya rikita ta da wasu.

Ta ci aikin. Malamar ta rubuta mata gyara ɗaya, cewa ba ta ce komai a kan koren rigar ba, kuma gaskiya ne.

Me ya yi aiki, me ya sa

A ganina matsalar ɗalibar tun farko ba ta rashin sani ba ce, shi ya sa ƙarin sani bai warkar da ita ba. Tambaya ɗaya take yi wa kowane hoto, wato ko ya yi kama, karatun Fabrairu kuma bai canza tambayar ba, ya dai ba ta sunayen mutanen da ba su yarda da ita ba. Labarin Maris ya fi haɗari, domin ya yi kama da nasara. Ta ji wani abu a zuciya, sai ta ɗauka hoton ne ya sa, alhali da an ba ta labarin ba tare da hoton ba haka za ta ji. Ina ganin da malamar ta karɓi shafi shidan nan, da aikin ya ƙare a nan, ɗalibar kuma ta tafi da ra'ayinta na Janairu lulluɓe da tausayi.

Zuwa bajekolin ya zama dole, amma shi kaɗai bai isa ba. Ya nuna mata girma da sawun buroshi, ya kuma jefa mata shakka. Abin da ya karya lamarin shi ne gyaran, kuma dalili biyu nake gani. Na ɗaya, hannu ne harshen da ta fi yarda da shi. Abin da littafi ya faɗa tana iya musu, abin da ya lalace a ƙarƙashin buroshinta ba ta iya musu. Na biyu, gyaran ya nuna mata cewa abubuwa huɗun da ta jera a matsayin laifi daban-daban shawara ɗaya ce: taɓa hanci ya jawo inuwa, inuwa ta jawo riga, riga ta jawo bango, bango ya kori suna. Ban tabbata wannan hanya za ta yi wa wanda ba ya zane amfani ba, kuma ba kowane hoto ne zai jure ta ba. Akwai zane-zane da yawa na wancan zamani da in ka gyara musu hanci sai su fi kyau.

Sakamakon ma ba cikakke ba ne. Har yanzu ɗalibar ta ce na Grenoble ya fi kwanta mata, wannan kuwa tana girmama shi ne kawai. Ta ci gaba da karɓar aikin fensir, don shi ke biyan haya. Abin da ya canza shi ne yanzu kafin ta fara takan zaɓi wurare uku ko huɗu da duhu zai zauna, ta bar sauran. A watan Yuli wani ya turo mata hoton mahaifiyarsa, ta yi masa ta wannan hanya. Ya dawo da shi ya ce bai ƙarasu ba, ta zauna kwana biyu ta cike masa inuwar.